Sandar Anaruwa

A Kwatarkwashi, da an sallame asuba,
akwai wani tela da ba ya komawa barci.
Anaruwa. Gajere, mai tabon allura a ɗan yatsa,
takalminsa na tayar mota, gorar ruwa a kafaɗa,
da sandar geza wadda gumi ya mayar baƙa.

Ina da shekara goma sha ɗaya na fara bin sawunsa,
ba don son dutse ba,
gudun yankan ciyawar tumaki nake.
Ya waiwayo ya gan ni ina huci kamar zugazugi.
Bai kore ni ba, bai ce mini sannu ba.
Ya ce, "Kai ɗan Tunau, wanga dutse tuwo ne mai zafi,
gefe ake fara shi."

A wurinsa na koyi buga sanda kafin sa hannu a kogo,
na san inda rema ke shan hantsi,
da kwarmin da ke riƙe ruwa har tsakiyar bazara.
Ya nuna mini cediya a cikin tsagar dutse,
ba ƙasa, ba taki, ba mai ban ruwa,
ga ta kore shar, tana ba tsuntsaye masauki.
Bai yi mini wa'azi a kanta ba.
Gaishe ta kawai ya yi, muka wuce.

A can ƙoli iska ta cika mana riguna.
Gari ya koma faifai,
manyan motoci a hanyar Gusau suna rarrafe kamar cinnaku,
mikiya na shawagi, mu muna kallon bayanta.
Ya miƙa sanda: "Ka ga gidan Bagudu
mai bina kuɗin yadi?
Daga nan ko ƙwayar gero bai kai ba."
Ya yi dariya har gorar ta kusa suɓucewa.

Mutanen kasuwa suna cewa, me ya ajiye a can?
Ba gona, ba ciniki, sai ciwon gwiwa.
Matarsa Hantsi kan ɗumama koko ta jira,
ta daina tambaya tun kafin a haife ni.

Yanzu yana ta rufe masa ido,
gwiwa ta ƙi, keken ɗinki ya yi tsatsa.
Ranar da ya ba ni sandar bai yi dogon zance ba,
ya dai jingina ta a kafaɗata.
Da na sauko ya ce, "Mi kag gani?"
Na ce ba komai, Baba, dutse ne yadda ka bar shi.
Ya juya fuska bango.
"Ashe ba ka hau ba."

Tun ran nan nake hawa da ido huɗu.
Ina kawo masa lissafin kajin dutse,
da launin hadari ta wajen Tsafe,
da ƙanshin gansakuka bayan ruwan fari.

Bara guguwa ta karya cediyar.
Na sauko da ƙarya a bakina, na shirya ta tsaf,
amma ya ji nauyin tafiyata tun daga zaure.
Na faɗa masa. Ya daɗe bai ce uffan ba.
Sannan ya ce, "Saiwar fa?"
Na ce tana nan, ta kama dutse.
"To, ka koma da damina."

Na koma. Ganye uku, kowanne bai fi farce ba.

Yau da asuba na ji haki a bayana.
'Yar maƙwabcina ce, Tabawa, ta gudo daga wanke-wanke,
silifas ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.
Ban kore ta ba.
Na rage sauri kaɗan, yadda ba za ta gane ba,
na buga sanda a bakin kogo
don ta ji yadda ake sallama.