Ƙofar Mota a Fargo

Biyar saura kwata, Fargo na barci.
Na ja hannun ƙofa, ta ƙi.
Na sake ja da ƙarfin wanda ya makara,
sai ƙas! Hannun ya biyo ni,
ƙofa tana nan inda ta kwana.

Sanyina na farko ke nan.
Na ɗauko ruwan zafi a buta na kwarara mata.
Kafin in mayar da butar ɗaki
ƙanƙara ta sake ɗinke bakin,
ɗinkin da ya fi na farko.

Marlys, tsohuwar gidan da ke kallon nawa,
ta leƙo da kofin gahawa a hannu.
Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata.
Ta ce, ɗan nan, ba a kokawa da sanyi da asuba,
tun da yamma ake sulhu da shi.

Ita ta nuna mini baƙar robar nan
da ta zagaye ƙofa kamar dasashi.
Ka goge ta da tsumma, in ji ta,
kada ɗigon ruwa ko ɗaya ya kwana a ciki,
don shi ne ɓarawon, da dare yake zama dutse.
Sannan ka shafe ta da mai, siriri,
har lungun da ido ba ya kaiwa.
In kuma ta kama duk da haka,
kada ka ja. Tura ta ciki da kafaɗa,
za ka ji ƙanƙarar ta karye da kanta.

Yanzu kullum bayan magariba
ina fita da tsumma da ɗan kwalbar mai.
Yatsana na bin robar a hankali,
sai in tuna Iya Tasallah
tana cusa man kaɗe cikin fason dugadugaina,
tana faɗa, tana shafawa.

Sanyi huɗu ke nan.
Yatsun Marlys sun ƙi lanƙwasuwa bana,
ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa.
In na gama da tawa sai in tsallaka titi
in yi wa tsohuwar motarta, ƙofa huɗu da but,
ko da yake ba ta zuwa ko'ina
sai coci ran Lahadi.

Tana tsaye a taga.
Ta ɗaga kofin, na ɗaga tsumma.