Horon Sabon Ƙarfe

Wata bakwai ina zarya kan takardar lasin,
ran da ta fito ruwa ake a Farin Gada.
Na rungumo bindigar cikin buhun taki,
man kamfani bai ko bushe a jikinta ba.
Ka leƙa bututun ka ga haske
yana murɗawa kamar igiyar da gwani ya tufka.

Birai ne suka ja mini.
Sun gama da masarata a gindin duwatsun Shere,
suna zaune kan fa suna kallona kamar masu bin bashi.

A teburin shayin Talle aka kafa shari'a.
Saja Chollom, da ya tuɓe kaki tun ina firamare,
ya ɗaga yatsa: "Kar ka kuskura.
Sabon bututu ɗan maraƙi ne,
ba a ɗaura masa garma ran farko.
Injin da ya huda shi ya bar kaushi a ciki,
ido ba ya gani, harsashi na ji.
Harba ɗaya, ka goge. Harba ɗaya, ka goge.
Har goma, sannan uku-uku.
Tagullar da ta manne ka kore ta
tun ba ta yi gida ba."

Barau maƙeri ya kurɓi shayi, bai yi gaggawa ba,
shekara arba'in yana dukan ƙarfe a Dilimi.
"Saja, wa ya biya maka wannan karatu,
mai sayar da harsashi ko ƙaninsa?
Kowane bututu da ƙidayar kwanansa,
kowane harbi an zare ɗaya.
Fartanya a gona take sanin ƙasa.
Sandar gugar ma, in hannu ya karkace,
ta fi harsashi cin baki."

Aka yi ta yi har madara ta ƙare.
Talle ya ce shi dai sabuwar tukunya
sai ya tafasa ruwa ya zubar sau biyu.
Ba wanda ya tanka masa.

Ran Asabar na gangara tsohon ramin kuza bayan Lamingo,
na jera gwangwanaye jikin jan bango,
tsumma a aljihun dama saboda Saja,
lissafin kuɗi a na hagu saboda Barau.

Na danne numfashi, na ja kunama.
Ƙota ta shure ni a kafaɗa kamar jakin aro,
gwangwani na zaune lafiya lau.
Ƙarar ta bugi dutse, ta dawo, ta sake fita.

A ƙetaren ruwa wata mata na wankin karas.
Ba ta waiga ba, ba ta tambaya ba.
Ta saki daro, ta suri yaro da hannu ɗaya,
ta nufi gari da takalmi wari guda.
Na ɗaga hannu ina kira, "Gwaji ne! Gwaji nake!"
Hannun da na ɗaga, da bindiga a cikinsa.
Can sama wani ya ja ƙofar shago,
wani ya bi, har nan nake jin su.

Na zauna. Na zura tsumma sau ɗaya,
ya fito da baƙi da ɗan kore-kore,
bai ce ga wanda ya gaskata ba.

Garin nan an harba masa an goge,
an harba an goge, shekara nawa,
kaushin bai kwanta ba.

Na naɗe wando na shiga ruwan sanyi,
na kamo karas ɗin da bai yi nisa ba,
na cika rabin daro, na ɗora takalmin a kai,
na jira har la'asar. Ba ta dawo ba.

Ran Litinin Saja ya ce, "Nawa ka harba?"
Na ce ɗaya.
"Ka goge?" Na ce na goge.
Ya dubi Barau, Barau ya dube shi,
kowa na murmushin wanda ya ci shari'a.
Na ce da Talle ya ƙara mini sukari,
ya kuma tambaya mini in akwai mai sayar da kare.