Kusa Goma Sha Biyu

Bara, cikin daren wata Alhamis,
iska ta shigo mini ta taga ba sallama.
Gilashin da Ma'azu ya sa mana da kuɗin gyaɗa
ya tarwatse a kan keken ɗinkina,
ya cika aljihun rigar da ban gama ba.
Har yau in na share ƙarƙashin gado
tsintsiya kan fito da ƙyalli ɗaya,
kuma diddigen Zuwera na ɗauke da tabo
kamar jinjirin wata.

Bana ban jira rediyo ta faɗa ba.
Da na ga tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu,
shamuwa ta gama sheƙa a kan bedin masallaci,
na yafa gyale, na bar Bagalam da hantsi
zuwa rumfar Tsahiru kafinta.
Jika uku, in ji shi. Na ce biyu.
Ya ce katako ba a Gulbi yake tsirowa ba.
Na ce kuɗina ma ba a can nake ɗibar su ba.
Ya yi dariya, ya ƙara mini kusa goma sha biyu
ƙunshe cikin takardar siminti.

Zuwera ta riƙe, ni na buga.
Gudumar aro ce, ƙotarta na girgiɗi.
Kusa ta farko ta yi ruku'u, ta ƙi ɗagowa,
ta biyu ta sa na ci babban yatsana,
na haɗiye ashar don yarinya na kallo.
Duk kafar da ta rage a gefe
na cusa mata ƙyallen atamfa,
ragowar ɗinkin Salla na matan unguwa:
Habsu na sama, Rakiya na kusurwa,
kowace na tsare mini gida ba ta sani ba.

Tsoho Ɗan-Baraka ya leƙo ta katanga.
"Kakanninmu tagar tafin hannu suke yi,
hadari ya taso a toshe da tsumma.
Ku kuka buɗe wa iska baki,
ga shi kuna ɗinke shi."
Na ce, "Baba, zare ba ya samun allura a duhu."

Ran Talata da la'asar gabas ta haɗe rai.
Awaki suka shigo da kansu.
Kuran ya ɗauke.
Muka zauna a tsakar ɗaki, nesa da bango,
tocila ɗaya, tabarma ɗaya,
rufi na numfashi a kanmu kamar saniya mai naƙuda.
Sai wani abu ya daki katakon.
Ƙara guda, mai nauyi,
irin bugun wanda ya zo karɓar bashi.
Zuwera ta cusa kai cikin cinyata.
Ni kuwa da na rasa carbi
sai na ja kusoshina a zuci,
ɗaya, biyu, har sha ɗaya,
na tsallake wadda ta lanƙwashe.

Da asuba ƙasa na ƙamshi.
Fallen kwano na kwance a gindin taga,
ya yanki katako zurfin gaɓar yatsa.
Na leƙa ta tsaga: gilashi na nan,
yana kallona da fuskata.

Kwanon na Ɗan-Baraka ne.
Ya zo ɗauka, wandonsa jiƙe har gwiwa.
Ya sa yatsa cikin yankan, ya daɗe bai cire ba.
Tagarsa lafiya lau, in ji shi,
sama ce kawai ta shigo masa.
Na dama masa kunu.

Ba zan cire katakon ba sai an yanke gero.
Keke na bakin ƙofa yanzu, nan nake ɗinki,
ƙuda na taya ni.
Jiya Ma'azu ya kira daga Arlit,
kafin gaisuwa ta ƙare ya tambayi gilashinsa.
Na ce yana nan ƙalau,
sai dai ya shiga takaba har kaka.