Allurar da ta Kwanta

Kwana uku allurar mai tana kwance a kan ja,
kamar jakin da ya ƙi kaya.
Jarka biyu na ɗura da hannuna a bakin ruwan Sawakin,
na ji tanki ya yi gyatsa,
ita ko gezau.

Ran Litinin mun tarar da najil sun yi dandazo a gefen murjani,
ƙugiya ba ta kai ƙasa sai an cafe.
Yahuza ya leƙa gilashi, ya dube ni.
Wa zai yi musu da ja a tsakiyar Bahar Maliya?
Muka naɗe igiya, muka juyo,
kifi bakwai a kwando, sauran muka bar wa teku ajiya.

Usta Mudassir ya zo bayan la'asar,
kayan aikinsa cikin tsohon buhun sukari.
Bai taɓa komai ba sai da ya shanye jabana,
ya tsotse cittar da ta maƙale masa a haƙori.
Ya ce, kada ka fara zagin allura,
a bi ta daki-daki, kamar mai neman dangi a zango.

Ya zare fis, ya ɗaga shi sama saitin rana.
Lafiyarsa lau.
Ya ɗana batir, ya yi tartsatsi.
Ya bi waya da yatsa har ƙarƙashin benci,
inda gishiri ya mai da tagulla kore shar.
Ya kankare da wuƙata ta fiɗar kifi,
ya ɗaure, ya ce kunna.
Na kunna. Tana nan kwance.

Sai ya cire wayar da ta fito daga tanki,
ya goga bakinta a jikin ƙarfe.
Allura ta yi zumbur ta miƙe
har ta bugi ƙarshen gilashi.
Yahuza ya yi salati.
Usta ya ce, ka gani? Ranta ɗaya, ba ta mutu ba,
abin da aka faɗa mata take faɗa.

Kusa shida ne a murfin tanki,
biyar suka fito da lalama,
ta shida sai da muka yi mata wanka da baƙin mai,
muka jira jirgin Jidda ya gama kururuwa ya fice.
Kyanwowin tsohon gari suna kan kango suna kallonmu.

Da hannu ya shiga, ya fito da shi:
ɗan gora, bai kai ƙwan agwagwa ba,
wanda aikinsa iyo, ya hau in mai ya hau.
Usta ya girgiza shi a kunnena.
Ciki yana ƙulu-ƙulu.
Huda ce kamar ta bakin sauro,
ta nan ya sha, ya sha, har ya nutse,
yana can ƙasa yana aiko da labarin fari
alhali ambaliya ce a bisa kansa.

Na yi shiru, don na tuna Inna.
Shekara huɗu tana cewa Tukur ya manta da mu a hayin can,
tun da mai kawo mana wasiƙarsa ya daina zuwa.

Sabo sai Bur Sudan, in ji Usta, in ma akwai.
Ya tsiyaye shi, ya shanya a kan injin,
ya ce gobe zai ɗiga masa dalma,
amma kada in ba shi amanar rai.

Da dare na shiga ɗakin Baba,
na laluba bayan tsohuwar koma.
Sandar tana nan, ta kanya, da tsaga tara,
har yanzu tana warin gas.
Ni na jefar da ita ranar da na sayi gilashi,
ban san wanda ya tsince ta ba.

Da asuba na tsoma ta.
Ta jiƙe har tsaga ta bakwai.
Yahuza ya ce, ashe ran Litinin...
Na ce, kwance igiya.