Jan Yadi a Shagon Ilu Tela

Bayan la'asar ya shigo shagona,
jar ƙasar titin jirgi a takalminsa,
Fang, wanda leburori ke ce wa Ɗan Sin.
Ya dire jan yadi a kan teburin yanka,
ya ce da Hausarsa mai ɗingishi:
"Ilu, ɗinka mini na ƙofa. Shekara za ta mutu."

Na ce shekara ba ta mutuwa, juyi take yi.
Ya yi dariya, ya ja benci.

A garinsu, in ji shi, tun ana kwana da tsoro,
akwai wata dabba a gindin teku,
sunanta Niyan,
ƙaho a goshi, haƙora kamar lauje.
Wata goma sha biyu tana barci,
sai daren ƙarshe, daren da sama ba wata,
ta taso da yunwar shekara guda.
Ba ta tambayar na wane ne ɗan maraƙi,
ba ta tambayar na wace ce yaro.

Sai wani tsoho, baƙo, ba a san garinsa ba,
ya ƙi bin masu gudu kan duwatsu.
Ya liƙa ja a ƙofa,
ya kunna fitilu,
ya jefa ɗanyar gora a wuta,
gora ta yi ta fashewa, tas, tas, tas.
Ashe dodon gari matsoraci ne:
ja, da haske, da hayaniya.

Na ɗage ƙafa daga keke.
Na ce, Fang, miƙe wannan layin ka sha kwana,
za ka tarar da Kusugu.
Mu ma an ce wata ta hana mu ruwa,
mu ma baƙo ne ya raba mu da ita.
Sai dai tamu an sare kanta, an huta.
Taku kora kawai aka yi,
shi ya sa har yau kuke gadi.

Ya daɗe yana kallon zare.
Ya ce, "Da an kashe ta, da wa zai koma gida?"

Don a wannan daren kowa komawa yake.
Jirage su cika har bakin ƙofa,
a biya bashi, a share gida lungu-lungu,
gari na wayewa a ɓoye tsintsiya
kada a share arziki waje.
A kawo kifi, a ci, a rage da gangan
don baɗi ta tarar da saura.
Na ce mu daren cika-ciki sai mun ga gindin tukunya.
Yara kuma, kuɗi a jan ambulan.
Na ce wannan goron salla ne ya sake riga.

Shi fa?
Shi mai shimfiɗa wa wasu hanyar zuwa gida,
shekara uku ke nan
uwarsa na ajiye kwanonsa da tsinke biyu
a gaban kujerar da ba kowa.

Ban ce komai ba. Na taka keke.
Na kalmashe baki sau biyu, yadda nake wa kayan ango.

Daren, daga sansaninsu bayan gari,
muka ji ƙara, karnuka suka ɗauka.
Da safe ga ambulan a ƙarƙashin ƙofa,
da sunan autata Gaje, an rubuta shi a karkace.

Ƙyallayen ja na nan warwatse a ƙasa.
Nomau, yaron shago, ya ɗauko tsintsiya.
Ba don na yarda da zancen ba,
arziki na Allah ne,
amma na ce bar shi sai jibi.

Da magariba ta biyu jinjirin wata ya tsaya
siriri, a kan kukar bakin masallaci.
Nasu ne, namu ne.
Sun riga mu fara ƙirga, shi ke nan.