Suna Uku, Gurbi Ɗaya

An ba ni fensir da takarda guda,
an ce in zauna gindin dalbejiya a filin Achimota
in faɗi wanda jifansa ya isa ya ƙetare ruwa.
Ni da gwiwata ta daina jin maganata tun bara.

Na fari Issaka, ɗan Nima,
dogo kamar falwaya,
taku goma sha huɗu da gudu kafin ya saki.
Ƙwallonsa da huci yake fita.
Jiya sau biyar ya tumɓuke sanduna,
'yan kallo ashirin suka yi ihun mutum dubu.
Amma na san waɗanda ya kayar:
ɗaya akawu ne a tashar jirgin ruwa ta Tema,
ɗaya kwana ya yi yana tuƙin tasi.
Wanda ya kā da gajiyayye
bai san ƙarfin ƙugunsa ba tukuna.

Na biyu Kwabena, motar dare ta sauke shi daga Kumasi.
Shi ba ya gudu. Taku huɗu,
yatsu su murza ƙwallo kamar mai mulmula fura,
ya faɗi nan, ya tashi can.
Sai dai ƙasar nan tamu ce ke taya shi,
busasshiya, duk faso.
Can inda za su an lailaye fili sumul,
ƙasar ba ta san sunansa ba,
ba za ta yi masa kara ba.

Na sani don na je.
Shekara talatin da ɗoriya, ni ne zakaran wurin nan.
Jifana na farko a ƙasar mutane
wani siririn yaro ya ɗauke,
ko nishi bai yi ba.
Ƙwallon ya haye rufin rumfa.
Har yau ban ji faɗuwarsa ba.

Na uku Mumuni.
Lissafinsa ba abin nuna wa baƙo ba ne.
Uwarsa ke sayar mana da shinkafa da wake a bakin ƙofa,
tana ƙara mini ƙwai ba tare da na tambaya ba,
shi ya sa ba na yarda da fensirina
in ya zo kan sunansa.
Ɗazu aka maka masa shida,
aka sake maka masa shida.
Bai kalli sama ba, bai harari kowa ba.
Ya goge ƙwallo a cinya,
ya matsar da mai tsaro taku uku hagu,
ya saki na gaba a sanyaye
kamar mai miƙa canji.
Sanda ko ɗaya ba ta faɗi ba.
Mai dukan dai ya tsaya,
ya dube shi, karon farko tun safe.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare,
to, a filinmu miya ba ta ƙarewa.
Da me zan auna?

Koci ya aiko sau biyu.
Kujera ɗaya ta rage a jirgi.
Na rubuta suna, na goge,
na rubuta, na goge,
har takardar ta fara nuna hasken yamma a wurin.
Na sake rubutawa, na ninke,
na miƙa wa yaron aike.

Sannan na ɗauki sandata
na fita ta ƙofar baya.