Jar Tawada

Ni ne mai ƙirga su da asuba.
Shekara sha huɗu ina ƙirga Mantau
a ɗakin masu jiran igiya,
bai taɓa ɓata mini lissafi ba.
Ko tari aka yi cikin dare, na san nasa.

An ce shi ya kashe Isiyaku mai walda
a bayan Panteka, daren da aka ɗauke wuta.
Shaida ɗaya tal, mai shayi,
ya ce ya ga jar hula a hasken aci-balbal.
Jar hula nawa ce a Tudun Wada?
Alƙali bai tambaya ba.
Mai shayin kuwa ya riga mu gidan gaskiya
da abin da ya gani,
da abin da ya zata.

Ran Talata takarda ta iso daga Gidan Gwamnati,
layi huɗu, da hatimi,
gwamna ya sa hannu da jar tawada.
Na karanta, na juya masa da Hausa:
an yi maka afuwa.

Na jira kabbara, ba ta zo ba.
Ya ƙura wa tafinsa ido kamar mai neman ƙaya,
ya ce, "Ofisa, afuwa ai ta mai laifi ce.
Ba su rubuta cewa ban yi ba?"
Na juya takardar.
Bayanta fari fat.

Muka ba shi kayan da ya shigo da su:
rigar da yanzu za ta ci mutum biyu irinsa,
kuɗin da kasuwa ta daina karɓa,
da makullin shagon da sabon titi ya cinye.

A waje, gindin darbejiya,
wata tsohuwa na zaune, takalmanta a hannu.
Inna Delu, uwar Isiyaku.
A rediyo ta ji, kamar kowa,
ta hau mota biyu daga Rigasa.

Ba ta yi zagi ba, da ma ta yi.
Ta kama bakin kakina, ta ce, "Ɗan nan,
in ba shi ba ne, to wane ne?
In kuwa shi ne,
wa ya ba gwamna jinin ɗana
har ya yi kyauta da shi?
Ni na haifa. Ba a tambaye ni ba."

Ni ganduroba ne, Inna,
makulli aka ba ni, ba a ba ni sani ba.
A zuci na faɗa. Bakina ya ƙi.

Mantau ya fito, rana ta kashe masa ido.
Ya gan ta. Ya durƙusa nesa kaɗan,
ya ce, "Ina wuni."
Ta dube shi tun daga furfura har faso,
kamar mai neman ɗanta a jikin wani,
ba ta amsa ba, ba ta kau da kai ba,
har mai keken Kawo ya gaji da oda.

Ta zauna nan har la'asar sakaliya.
Na kai mata ruwa, ta yi alwala da shi.

Yau da asuba na ƙirga, ɗaya ya ragu.
Na sake ƙirgawa, don sabo.
Na buɗe littafi, na rubuta abin da ake rubutawa:
lissafi daidai.